Yadda ake tsayar da jini da bututun ƙarfe bayan aikin hanyar matsarmama

Hanyar matsarmama siririn bututu ce da ke kai ruwan maɗaci daga hanta zuwa farkon ƙaramin hanji. Idan tsakuwa ko ƙari suka toshe ta, majiyyaci kan kamu da shawara, wani lokaci har da zazzaɓi mai tsanani. Likitoci na buɗe ta ba tare da fiɗa ba, ta hanyar aikin da ake kira ERCP: a zura na'ura mai kyamara ta baki har zuwa bakin hanyar, sannan a ɗan tsaga naman da ke tsuke shi da wuƙar lantarki. Likitocin Jamus da na Japan ne suka fara bayar da rahoton wannan tsaga a shekarar 1974.

Tsagar na iya taɓa jijiyar jini. Kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100 kan yi zubar jini mai buƙatar kulawa, ko dai nan take ko bayan kwanaki. Haɗarin ya fi yawa ga masu shan maganin hana daskarewar jini, da waɗanda jininsu ba ya saurin daskarewa, da waɗanda hanyar ta riga ta kamu da ƙwayoyin cuta.

Matakin farko shi ne allurar adirinalin a wurin, ko ƙona jijiyar, ko matse ta da ɗan maƙali, ko danne ta da balan-balan. Idan jinin ya ƙi tsayawa, sai a koma ga bututun da likitoci ke kira sitent. Raga ce ta ƙarfen naitinol, wadda aka lulluɓe da siririyar fata ta roba. Ana shigar da ita a tsuke, idan aka sake ta sai ta buɗe da kanta zuwa faɗin milimita 8 ko 10, ta danne wurin da ke zubar da jini, ruwan maɗaci kuma ya ci gaba da wucewa ta cikinta. Lulluɓin na hana nama shiga ramukan ragar, shi ya sa ake iya zare ta bayan kwanaki ko makonni. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta ba da shawarar wannan dabara a ƙa'idojinta na 2020, ga jinin da ya gagari matakan farko.

Dabarar tana da nata matsalolin. Bututun na iya gocewa daga inda aka sa shi, ko ya toshe bakin matsarmama ta kumbura, ga kuma tsada da buƙatar aiki na biyu don cire shi. Idan bai yi ba, a kan toshe jijiyar ta hanyar hoton jijiyoyi ko a yi fiɗa.

Wanda aka sallama bayan ERCP ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko jiri, ya koma asibiti ba tare da jinkiri ba.