David Hubel

David Hunter Hubel (1926–2013) masanin ƙwaƙwalwa ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken yadda hasken da ya faɗa cikin ido yake zama gani. An haife shi ranar 27 ga Fabrairu 1926 a garin Windsor na Kanada, iyayensa Amurkawa ne, ya kuma tashi a Montreal. Ya karanta lissafi da fiziks a Jami'ar McGill, sannan ya yi likitanci a can, ya gama a 1951.

Aikin soja ne ya sa shi a hanyar bincike. Da aka tura shi cibiyar binciken lafiya ta rundunar sojan Amurka ta Walter Reed, sai ya ƙera wata siririyar waya ta ƙarfen tungsten, mai tsinin da bai kai kaurin gashin kai ba, wadda ake cusawa cikin ƙwaƙwalwa ta ɗauko motsin lantarkin ƙwayar jijiya guda ɗaya tak. Ya wallafa bayaninta a 1957.

A 1958 ya koma Jami'ar Johns Hopkins, ɗakin binciken Stephen Kuffler, inda ya haɗu da Torsten Wiesel, likita ɗan ƙasar Suwidin. Kuffler ya riga ya nuna cewa ƙwayoyin bangon cikin idon kyanwa suna amsawa ga ɗigon haske. Hubel da Wiesel kuwa suka nufi sashen gani na ƙwaƙwalwa, wanda yake wajen ƙeya. Sukan sa kyanwa barci da allura, idonta a buɗe, su jona wayar da lasifika, duk sa'ad da ƙwayar ta harba a ji ƙara kamar fashewar gugguru a kasko. Suka yi ta haska ɗigo, fari da baƙi, ƙwayoyin suka yi gum. Wata rana suna zura farantin gilashi mai baƙin ɗigo cikin na'urar haskawa, sai lasifika ta ɓarke da ƙara. Ashe inuwar gefen gilashin ce, siririn layi da ya gifta a wata karkata, ta tayar da ƙwayar. Ana yawan kiran wannan da sa'a, amma sa'ar ta tarar da mutanen da suka shafe sa'o'i suna kasa kunne ga ƙwaya guda.

Abin da suka wallafa a 1959, shekarar da suka bi Kuffler zuwa Harvard, da kuma a 1962, ya sauya fagen baki ɗaya. Kowace ƙwaya tana da layin da take so: wata tsaye, wata kwance, wata a karkace. Wasu sai layin ya faɗo daidai gurbinsu suke amsawa, wasu kuwa ko'ina ya gifta a yankinsu, musamman in yana tafiya. Ƙwayoyi masu son karkata iri ɗaya a jere suke daga saman ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa ƙasansa, kuma akwai jerin da idon dama ya fi rinjaye, akwai na hagu. Wato ƙwaƙwalwa tana warware abin da ido ya kawo zuwa gefuna da layuka, sannan ta harhaɗa shi mataki-mataki. A 1968 suka nuna irin wannan tsari a ƙwaƙwalwar biri.

Gwajin da ya fi amfanar marasa lafiya shi ne kuma ya fi nauyi a zuciya. Daga 1963 suka riƙa ɗinke fatar ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa. Bayan watanni in aka buɗe, idon lafiya lau yake, amma dabbar ba ta gani da shi, domin ɗaya idon ya mamaye kusan dukan ƙwayoyin sashen gani. Babbar kyanwa kuwa ba ta samun wannan illa. Suka gano cewa haɗarin ya fi tsanani tsakanin mako na huɗu da na takwas, ya ragu zuwa ƙarshen wata na uku. Wannan ya ƙarfafa wa likitocin ido hujjar yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki da wuri, da kula da harara-garke tun yaro yana ƙarami. Masu kare haƙƙin dabbobi sun soki irin waɗannan gwaje-gwaje, Hubel kuma ya tsaya a fili yana kare bincike da dabbobi.

A 1981 aka ba Hubel da Wiesel rabin kyautar Nobel ta likitanci, ɗaya rabin ya tafi ga Roger Sperry. Tasirinsu ya kai har kimiyyar kwamfuta: Kunihiko Fukushima na Japan ya gina tsarinsa na gane hoto a 1980 bisa rabe-raben ƙwayoyin da suka bayyana, kuma daga wannan reshe manhajojin gane fuska da rubutu na yau suka tsiro.

Bayan Wiesel ya koma Jami'ar Rockefeller a 1983, Hubel ya ci gaba a Harvard tare da Margaret Livingstone kan ganin launi, siffa da motsi. Ya rasu ranar 22 ga Satumba 2013 a Lincoln, jihar Massachusetts, yana da shekara 87.