Tsohuwar Libarba a Ƙasar Adar: Ƙarfen da Ke Riƙe da Tarihi

A shekarar 1899 ne ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa daga yamma, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ya ƙone Birnin Ƙonni. Shekara biyu bayan haka, a 1901, aka kara tsakanin Faransawa da Buzayen Kel Geres a Galma, cikin yankin Madawa na yau. Daga ƙarshen 1916 zuwa 1917 kuma, yaƙin Kawusan, jagoran Buzaye, ya sake cika hanyoyin Tawa da Agadas da sojoji. A duk waɗannan shekaru, hafsan Bature ba ya rabuwa da ƴar bindigarsa ta ɗamara mai cin harsashi shida, wadda Bahaushe ke kira libarba.

Saboda haka, duk wanda ya gaji irin wannan ƙarfe a Madawa ko Buza ko Keita, a cikin adakar kaka ko kayan wani tsohon soja, to shaida ce ta tarihi a hannunsa. Amma ta yaya za a gane shekarunta, da darajarta, da ko launinta na asali ne?

Amsar farko tana jikin ƙarfen. Libarbar sojan Faransa ta wancan zamani daga maƙerar gwamnati ta Sant-Etiyen ta fito, kuma ana samun sunan garin a rubuce a gefenta. A saman bututu akwai shekarar samfurin, 1873 ko 1874 ko 1892. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin wannan ba ita ce shekarar da aka ƙera bindigar ba. Shekarar haihuwarta tana gefen bututu, bayan harafin S. An ci gaba da ƙera samfurin 1892 har shekarar 1924, don haka ba kowace mai wannan lamba ce ta ga yaƙin Galma ba. Wadda aka buga wa 1915 ba ta taɓa jin ƙurar 1901 ba, komai daɗin labarin da ake bayarwa a kanta.

Akwai kuma waɗanda ba na gwamnati ba. Maƙeran Liyej ta ƙasar Beljiyam sun bazu da hajarsu a duniya, kuma hatimin gwajin bindigoginsu shi ne haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. In an ga kambi a saman da'irar, to daga 1893 zuwa gaba aka gwada bindigar.

Maganar launi ita ce ta fi wuya. Samfurin 1873 mai harsashin milimita 11, fari tas aka fitar da shi, ba a rina shi ba. Wanda ya same shi baƙi, to wani hannu ya taɓa shi daga baya. Na 1874, wanda aka yi wa hafsoshi, shi ne mai rinin baƙi shuɗi-shuɗi. Na 1892 mai milimita 8, wanda gangar harsasansa ke buɗewa ta dama, shi ma rinanne ne, amma kunamarsa launin kara take da shi. Rinin asali yakan koɗe a inda hannu da kube suke shafa: bakin bututu, gefuna, da kusa da ƙota. Rubutunsa kuwa yana nan da kaifinsa. Idan aka ga haruffa sun dushe, kusurwoyi sun dakushe, ko rini ya rufe ramukan tsatsa, an goge ne aka sake rinawa.

A nan ne al'adarmu ke iya yi mana ɓarna. Mun saba kai wuƙa da takobi wajen maƙeri a wasa, mun saba goge tasa da toka da yashi har ta ɗauki ido. Abin da ke ƙara wa tasa kyau, shi ke kashe darajar tsohuwar bindiga. Masana kayan tarihi sun fi girmama wadda ta tsufa da fatarta, lambobin sassanta duk suka zo ɗaya, a kan wadda aka sabunta. Abin da ya fi komai ɗaga ta kuwa shi ne sanin asalinta: wa ya riƙe ta, a wane bariki, ta wace hanya ta shigo gidan.

Sai dai bindiga bindiga ce, ko ta shekara ɗari. Dokar Nijar ta hana riƙe makami ba da izini ba, kuma tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai. Kada a gwada harba ta, kada a kai ta kasuwa. A sanar da hukuma, a roƙi a adana ta a wuri irin gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Kafin nan, ƴan uwa, a zauna da dattawan gida a rubuta abin da suka sani a kanta, tun suna raye.