Sallar Hausawa a Sudan: Kisra, Cukun Girkawa da Agashe

Ranar 17 ga Maris ta kowace shekara mutanen Ayalan ke bikin tunawa da waliyyinsu, Patrick. A Amurka, inda bikin ya fi armashi, naman shanu mai gishiri da kabeji ake ci, abincin da 'yan ci-ranin Ayalan suka saba da shi wurin mahautan Yahudawa na New York, alhali a gida naman alade suka sani. Saboda haka wanda ya yi wannan biki da giyar Girka da abincin Girkawa bai zo da baƙon abu ba. Ranar biki takan bi mutum duk inda ya yi ƙaura, amma tukunya sai abin da kasuwar wurin ta bayar. Hausawan Sudan sun fi shekara ɗari a kan wannan hali.

Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas, har ya sauka a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Wasu kuma alhazai ne masu tafiyar ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, noman auduga na Gezira ya riƙe da yawa daga cikinsu. Ƙauyukansu suka miƙe bakin kogi, har Singa da Abu Hujar.

Azumi da Sallah ba su sake ba, sai dai akushi. Asida 'yar'uwar tuwo ce, kuma miyar busasshiyar kuɓewa, wadda ake kira weka a can, ba baƙuwa ba ce ga Bahaushiya. Kisra kuwa, wato siririyar wainar ƙullun dawa mai tsami, sai da aka koya, haka ma hilu-mur, abin shan buɗa-baki da ake yi da tsirarriyar dawa da kayan yaji.

Girkawa ma sun sa hannu a akushin. Sun yawaita a Sudan bayan 1898, suka buɗe kantuna a Khartoum da Wad Madani da wasu garuruwa. Giyar da suke sayarwa ba ta da ƙofar shiga gidan muhajirai, kuma a Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya haramta ta, aka tuttule kwalabe cikin Nilu. Amma farin cuku mai gishiri, wanda ake danganta sana'arsa a garin Duwaim ga Girkawa, ya zauna daram. Shi ake marmasawa a kan ful, dafaffen waken da kowa ke karyawa da shi.

Abin da Hausawa suka bayar ya fi waɗannan jan hankalin ɗalibi. Agashe tsire ne: nama a yanka fale-fale, a barbaɗe shi da garin gyaɗa da yaji, a jera a gefen garwashi. Sunan daga Hausa ya fito, daga fi'ilin gasa, a sigar nan mai nuna halin da abu yake ciki, kamar a ce naman a gashe yake, ko ƙofar a rufe take. Kunnen Balarabe ya haɗe kalmomin biyu suka zama suna guda, har ana rubuta shi da harafin ƙafun, wanda mutanen Sudan ke furtawa kamar g. Yau da wuya a sami birnin Sudan da ba a san agashe ba.

Nama dai ya sami karɓuwar da masu gasa shi ba su gama samu ba. Har yanzu akwai masu kallon Hausawa a matsayin baƙi, ko da kakan kakan mutum a Sennar aka binne shi. A watan Yulin 2022, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile tsakanin Hausawa da maƙwabtansu kan sarauta da mallakar ƙasa. Fiye da mutum 100 suka rasu, dubbai suka bar gidajensu.