Cutar distemfa: Abin da ya kamata masu karnuka su sani

Distemfa na cikin cututtukan da suka fi kashe karnuka a duniya, kuma har yanzu ba a samo maganin da ke kashe ƙwayar da ke haddasa ta ba. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi ke cewa allurar rigakafi ce kaɗai kariyar da za a iya dogara da ita.

Lamarin ya shafi mafarauta, da makiyaya, da masu ajiye karnuka domin gadi, waɗanda kan yi asarar 'yan kwikwiyo da dama a lokaci guda idan cutar ta ɓulla.

Mece ce distemfa?

Ƙwayar cuta ce nau'in bairos ke haddasa ta, kuma danginta ɗaya da wadda ke kawo ƙyanda ga bil'adama, da kuma ta bushiya, wato annobar shanun da aka bayyana kawar da ita daga doron ƙasa a shekarar 2011.

Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Faransa, Henri Carré, shi ne ya nuna a shekarar 1905 cewa bairos ne sanadinta. Shi ya sa a Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kiranta cutar Carré.

Ba karnuka kaɗai take kamawa ba. Tana kama dila da kura da zaki. A shekarar 1994 ta hallaka zakuna kimanin 1,000 a yankin Serengeti na ƙasar Tanzaniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan yankin.

Yaya take yaɗuwa?

Galibi tana bin iska ne, ta hanyar tari ko atishawar karen da ya kamu. Haka kuma kwanon abinci ko na ruwa da karnuka ke tarayya a kai na iya yaɗa ta. Karen da ya warke ma na iya ci gaba da fitar da ƙwayar har tsawon watanni biyu zuwa uku.

'Yan kwikwiyo masu watanni 3 zuwa 6 ne suka fi shiga haɗari, saboda a lokacin ne kariyar da suka samu daga dakashin uwarsu ke gushewa.

Waɗanne ne alamominta?

Zazzaɓi ne ke fara bayyana kwanaki 3 zuwa 6 bayan kamuwa, ya lafa, sannan ya dawo. Daga nan sai kwantsa mai kauri a idanu, da majina, da tari, da ƙin cin abinci. Sau da yawa amai da gudawa kan biyo baya.

Idan ƙwayar ta kai ga ƙwaƙwalwa, wanda kan faru bayan makonni, kare kan riƙa tangaɗi, tsokar jikinsa na fizga, yana motsa baki kamar mai tauna, yawu na dalala. Wasu kan yi farfaɗiya ko ƙafafunsu su shanye. A wasu kuma tafin ƙafa da fatar hanci kan yi tauri da kaushi.

An ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan rabin manyan karnukan da suka kamu, adadin kuma ya fi haka a tsakanin 'yan kwikwiyo.

Ko ita ce haukan kare?

A'a, cututtuka ne biyu dabam, kuma ba a san distemfa da kama mutane ba. To amma alamominsu kan yi kama ƙwarai idan sun taɓa ƙwaƙwalwa, ta yadda ba a iya bambance su da ido.

Saboda haka duk wanda irin wannan kare ya ciza, to ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Wace kulawa ake bai wa karen da ya kamu?

Abin da likita ke yi shi ne tallafa wa jikin dabbar har ya yaƙi cutar da kansa. Akan yi ƙarin ruwa, a ba da maganin tsayar da amai da na farfaɗiya. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairos ɗin, ana ba da su ne domin ciwon huhu da sauran cututtukan da kan samu kafa idan garkuwar jiki ta yi rauni.

Wajibi ne a killace karen, a tsabtace masa ido da hanci, a kuma wanke makwancinsa da kwanukansa da ruwan bilic. Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki, musamman a cikin zafin rana.

Karen da ya tsira na iya rayuwa da fizgar tsoka ko lalacewar haƙora har ƙarshen rayuwarsa.

Yaya ake rigakafi?

Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ba da shawarar a fara allurar kwikwiyo yana da makonni 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane makonni 2 zuwa 4, har ya kai aƙalla makonni 16. Akan ƙara wata tsakanin watanni 6 da shekara guda, sannan bayan kowace shekara uku.

Yawanci allurar kan zo ne a haɗe da ta wasu cututtuka, irin su ciwon hanta na karnuka da gudawar jini ta fabo. Dole a adana ta cikin sanyi, domin zafi na lalata ta, don haka asibitin dabbobi ne wurin da ya dace a yi ta.

Allurar haukan kare da akan yi wa karnuka a lokutan gangami ba ta kare su daga distemfa. Kowace cuta da tata allurar, kuma kare na bukatar duka biyun.