Kama da Wane Ba Ta Wane: Bin Salsalar Stephen Hopkins na Jirgin Mayflower

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda masana nasaba suka gano tushen Stephen Hopkins, ɗaya daga cikin fasinjoji 102 da jirgin Mayflower ya kwaso daga Ingila zuwa gaɓar Amurka a 1620. An duba jerin sunayen da Gwamna William Bradford ya bari, da rajistar cocin Hursley, da labarin William Strachey kan haɗarin jirgi a Bermuda, da wasiyyar Hopkins ta 1644. Maƙalar ta nuna cewa igiyoyi uku ne suka ɗaure mutumin Plymouth, garin da fasinjojin suka kafa a Amurka, da rayuwarsa ta baya, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, duk da cewa masu zana bishiyar zuriya sukan jera su kafaɗa da kafaɗa.

Gabatarwa

A Amurka, mutum ya iya cewa kakansa na cikin Mayflower abin tinƙaho ne. Tun 1897 aka kafa babbar ƙungiyar zuriyar fasinjojin jirgin, kuma ba a shigarta da fatar baki. Sai mai nema ya kawo takarda tsara bayan tsara, ta haihuwa da ta aure da ta gado, har ya dangana da fasinjan. Wannan sharaɗi ya tsaftace salsalar da ke gefen Amurka, amma gefen Ingila ya daɗe a buɗe, kowa na cusa abin da ransa ke so. Hopkins na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin zuriyarsa na da yawa: 'yarsa Constance kaɗai ta haifi 'ya'ya goma sha biyu. Idan jikoki da tattaɓa-kunne suka yi yawa, masu neman kaka mai daraja ma sukan yi yawa.

Abin da Bradford ya bari

Duk bincike kan wannan gida daga Bradford yake farawa. A 1651 ya rubuta jerin fasinjojin a ƙarshen tarihinsa na Plymouth, rubutun da ya ɓata a zamanin yaƙin neman 'yancin Amurka, aka gano shi a ɗakin karatun Bishop na Landan a Fulham a 1855, aka buga shi a 1856. A jerin ya ambaci Stephen Hopkins da matarsa Elizabeth, da 'ya'ya biyu, Giles da Constance, waɗanda ya ce na matar farko ne. Sai wasu biyu na Elizabeth: Damaris, da Oceanus wanda aka haifa a tsakiyar teku, shi ya sa aka raɗa masa sunan teku. Akwai kuma barori biyu, Edward Doty da Edward Leister. Kusan rabin mutanen jirgin sun mutu a hunturun farko, amma gidan Hopkins ba a yi rashin kowa ba.

Bradford bai faɗi garin da Hopkins ya fito ba, bai kuma ambaci sunan matar farko ba. Ta wannan kafa kuskure ya shigo. Shekaru da dama littattafan zuriya suna cewa mutumin Wortley ne, a yankin Wotton-under-Edge na gundumar Gloucestershire, saboda an sami mai irin sunan a can a daidai zamanin. Aka kuma ba shi mata mai suna Constance Dudley, sunan gidan sarauta, wadda babu wata takarda ta zamanin da ta haɗa ta da shi. Hopkins suna ne gama-gari a Ingila, Stephen ma haka. Wanda ya taɓa neman wani Muhammadu ɗan Abdullahi a tsohon kundin kotu ya san irin wannan tarko.

Igiya ta farko: Hursley

A 1998 Caleb Johnson ya buga sakamakon bincikensa a mujallar The American Genealogist, kuma dabararsa ce abin lura. Maimakon ya nemi sunan uban, sai ya nemi sunayen 'ya'yan. A rajistar cocin Hursley, ƙauyen da ke kusa da Winchester a gundumar Hampshire, ya tarar da wani Stephen Hopkins da aka yi wa 'ya'yansa uku baftisma: Elizabeth ce babba, sai Constance ranar 11 ga Mayu 1606, sai Giles ranar 30 ga Janairu 1607/8. Wannan rubutun shekara mai baki biyu ba shakku yake nunawa ba. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka Janairun da limamin ya rubuta 1607, a lissafinmu na yau 1608 ne. Masu kwafe-kwafe da ba su san wannan ba sukan mai da yaro ɗaya yara biyu.

Ƙarfin wannan hujja a haɗuwar sunaye yake. Samun Stephen Hopkins a ƙauyen Ingila ba abin mamaki ba ne. Samun Stephen Hopkins mai ɗiya Constance da ɗa Giles, waɗanda shekarunsu suka dace da na matasan da suka shiga jirgi a 1620, wannan ya wuce dace. Sannan rajistar ta cike gurbin da Bradford ya bari: ranar 9 ga Mayu 1613 aka binne Mary, matar Stephen Hopkins. Ga matar farko, ba Constance ba kuma ba Dudley ba. Mutuwarta ta buɗe hanyar auren da aka rubuta a cocin St Mary Matfelon da ke Whitechapel a Landan, ranar 19 ga Fabrairu 1617/18, tsakanin Stephen Hopkins da Elizabeth Fisher, wanda masana suka karɓa a matsayin aurensa na biyu. Sunan amarya ya dace, lokacin ma ya ba da damar haihuwar Damaris kafin tafiya.

Igiya ta biyu: Bermuda da Virginia

A takardun Mary akwai wani saɓani mai amfani. Rajistar jana'iza ta kira ta matar Stephen Hopkins, wato miji na raye. Takardun gadonta kuwa, waɗanda aka rubuta cikin kwanakin nan kuma suka ambaci 'ya'yan uku, sun kira ta matar mamaci. Mace mai miji a dokar Ingila ta lokacin ba a saba raba gadonta ta wannan hanya ba, domin dukiyarta a hannun miji take. Abin da ya fi dacewa da wannan saɓani shi ne miji ya yi nisa, ko dai an ɗauka ya mutu, ko kuma an ga hanya mafi sauƙi ta kula da yara ita ce a ɗauke su marayu. Haihuwa a gidan ma ta tsaya cak bayan 1608.

To ina ya shiga? A watan Yuni 1609 jirgin Sea Venture ya tashi daga Ingila zuwa Jamestown da ke Virginia ɗauke da mutum kusan 150, har da Sir Thomas Gates wanda zai yi mulkin Virginia. A ƙarshen Yuli guguwa ta raba shi da sauran jiragen, ya kafe a duwatsun Bermuda, kowa ya tsira. William Strachey, wanda ke cikin jirgin, ya ba da labarin wani Stephen Hopkins, mutum mai sanin Littafi Mai Tsarki da iya jayayya, wanda limamin tafiyar ya ɗauka yana karanta wa jama'a nassi ranar Lahadi. A Janairu 1610 wannan mutum ya fara raɗa wa abokansa cewa ikon gwamna na Virginia ne, kuma ya ƙare ranar da jirgi ya fashe, don haka kowa gashin kansa yake ci. Mutum biyu suka kai ƙara. Aka kawo shi gaban jama'a da ankwa a hannu, aka yanke masa hukuncin kisa. Ya yi ta kuka da magiya, yana cewa kashe shi halaka matarsa da 'ya'yansa ne, har manyan tafiyar, ciki har da Kyaftin Christopher Newport da Strachey kansa, suka roƙi gwamna ya yafe masa. A Mayu 1610 suka isa Jamestown cikin ƙananan jirage biyu da suka sassaƙa a tsibirin.

Mutumin Bermuda yana da mata da yara a Ingila a 1610. Mutumin Hursley yana da mata da yara uku kuma ba ya gida. Biri ya yi kama da mutum. Daga gefen Plymouth ma akwai abin da ke ƙara nauyi. Littafin Mourt's Relation na 1622 ya ba da labarin ranar da 'yan leƙen ƙasa daga Mayflower suka tarar da wani ƙaramin itace a Cape Cod an tanƙwaro shi ƙasa, an zuba 'ya'yan itace a ƙarƙashi. Hopkins ne ya ce tarkon barewa ne. Suna tsaye suna kallo, Bradford da ke baya ya iso, ya matsa kusa, igiya ta fizge ƙafarsa. Mutumin da bai taɓa barin Ingila ba, ina ya san tarkon mutanen ƙasar? A Maris 1621, da Samoset, wani ɗan asalin ƙasar, ya shigo garin Plymouth, a gidan Hopkins aka sauke shi. A Yulin shekarar kuma shi da Edward Winslow aka aika wurin sarki Massasoit a Pokanoket.

Mai wannan maƙala ya gamsu mutum ɗaya ne, amma ya kamata a kira hujjar da sunanta. Alamu ne da suka taru suka yi nauyi, ba irin shaidar Hursley ba ce inda sunaye suka faɗa kan juna. Akwai kuma inda marubuta ke zarce gona da iri. Bradford ya ce wasu fasinjoji sun yi maganganun bore a Mayflower, suna cewa tunda ba Virginia aka sauka ba babu mai iko da su, abin da ya kai ga yarjejeniyar da mutum 41 suka sa wa hannu ranar 11 ga Nuwamba 1620. Maganar ta yi kama da ta Bermuda ƙwarai, amma Bradford bai kama sunan kowa ba, kuma Hopkins na cikin masu sa hannu. Haka batun cewa shi ne Stephano na wasan kwaikwayon The Tempest na Shakespeare: zance ne mai daɗi, ba na nasaba ba.

Igiya ta uku: Upper Clatford

Iyayensa kuwa, Ernest Christensen ne ya kawo su a 2004 a mujallar nan dai. Ya nuna wani Stephen da aka yi wa baftisma a Upper Clatford, kusa da Andover, ranar 30 ga Afrilu 1581, ɗan John Hopkins da Elizabeth Williams. Gidan ya koma Winchester, inda John ya rasu a 1593, kuma daga Winchester zuwa Hursley tafiyar 'yan mil kaɗan ce. Shekaru sun dace, wuri ya dace. Sai dai Christensen da kansa ya sa kalmar da ke nufin "mai yiwuwa" a kan maƙalarsa. Wannan kalma ce ke faɗuwa a hanya idan ana kwafar bishiyar zuriya a intanet, har a wayi gari 1581 ta zauna daram kamar 1606. Abin da ya kayar da Wotton-under-Edge, wato dogaro da suna da shekara, shi ne rabin abin da ke riƙe da Upper Clatford. Ɗaya rabin kusancin wuri ne.

Damaris biyu da shanun wasiyya

Gefen Plymouth ma yana da nasa tarkon. Damaris Hopkins ta auri Jacob Cooke, kuma an daɗe ana ɗaukarta yarinyar da ta shigo a Mayflower. Lissafin Bradford ne ya warware: ya ce Hopkins da Elizabeth sun haifi ɗa ɗaya da 'ya'ya mata huɗu a Plymouth. Ɗan shi ne Caleb, wanda ya zama ma'aikacin jirgin ruwa ya mutu a Barbados. Matan da wasiyya ta ambata su ne Deborah, Damaris, Ruth da Elizabeth. Idan aka cire Damaris saura uku, lissafi bai cika ba. Ke nan ta farko ta mutu tana ƙarama, aka mayar wa ƙanwarta sunan, al'adar da Turawan Ingila na lokacin suka saba da ita. Oceanus kuwa babu shi a rabon shanun garin na 1627.

Kundin kotun Plymouth ya nuna mutum mai fuska biyu: mataimakin gwamna a shekarun 1630, kuma mai mashaya da aka ci tara saboda dukan wani John Tisdale a 1636, aka kuma gurfanar da shi kan barin mutane su sha giya a gidansa ranar Lahadi da sayarwa da tsada. Wasiyyarsa ta 6 ga Yuni 1644, wadda Bradford da Myles Standish suka shaida, ita ce takardar da ta fi kowace tara iyalin wuri ɗaya. Ya nemi a binne shi kusa da matarsa. Ya ba Giles babban bijimi, Constance matar Nicholas Snow goɗiya. 'Yan matan huɗu kowa cokalin azurfa ɗaya, da shanu da ya kira da sunayensu. Saniyar da ake kira Motley rabi na Deborah ne, rabi na Damaris. Gida da filaye kuwa Caleb ya bar wa, ɗan matar biyu, ba Giles babban ɗa ba, wanda ya riga ya auri Catherine Whelden a 1639 ya zauna a Yarmouth.

Deborah ta auri Andrew Ring a 1646. Ruth ta mutu ba aure. Ta hanyar Constance, Giles, Deborah da Damaris ta biyu zuriyar ta yaɗu. Auta Elizabeth kuwa, ambatonta na ƙarshe a kundin Plymouth na 1659 ne, lokacin da aka kimanta shanunta da ke hannun Giles, aka tsara yadda dangi za su raba su idan ba ta dawo ba.