Yadda kwamfuta ke amsa tambaya daga ragar bayanai: misalin Daura

Idan mutum ya tambayi intanet garin da aka haifi marigayi Muhammadu Buhari, sau da yawa sunan Daura kan bayyana nan take, tun kafin ya buɗe wani shafi. Wannan na faruwa ne ta hanyar wata fasaha ta ɗaure bayanai da juna, sannan a riƙa auna tambaya a kansu.

Tim Berners-Lee, ɗan Ingila da ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, shi ne ya tsara ƙa'idojin ɗaure bayanan a shekara ta 2006. Kamfanin Google ya soma amfani da tasa ragar a 2012, shekarar da aka buɗe rumbun Wikidata, wanda kowa ke iya shigar da bayani a cikinsa.

Jimla mai gaɓa uku

Tushen fasahar shi ne wani tsari mai suna RDF, wanda hukumar W3C mai daidaita ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a 1999. A wannan tsari, kowane bayani jimla ce mai gaɓa uku: abu, da dangantaka, da kuma abin da aka danganta shi da shi.

Alal misali: Buhari, mahaifarsa, Daura. Daura, tana cikin, Jihar Katsina. Rijiyar Kusugu, tana cikin, Daura. Da yake Daura ta fito a duka jimlolin uku, sai suka ƙullu wuri guda. Miliyoyin irin waɗannan jimloli ne ke zama raga.

Ana bai wa kowane abu lambar shaida tasa, domin suna kaɗai ba ya wadatarwa. Garin Daura daban, ƙaramar hukumar Daura daban, haka kuma masarautar Daura, wadda ta ƙunshi har da Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. A Wikidata dangantaka ma tana da lamba: P19 na nufin wurin haihuwa, P22 kuma uba.

Tambaya mai gurbi

Harshen da ake yi wa ragar tambaya da shi ana kiransa SPARQL, kuma an amince da shi a 2008. Tambaya a cikinsa ta yi kama da darasin cike gurbi na makarantar firamare. Ita ma jimla ce mai gaɓa uku, amma an bar wata gaɓa babu kowa.

Labarin Bayajidda ya isa misali. A ce an shigar da shi cikin raga, sannan aka rubuta jimloli biyu: wane, ubansa Bawo, wanen nan, ya sarauci gari kaza. Manhajar za ta ɗauki wannan zubi ta yi ta ɗora shi a kan ragar, tana neman inda ya zauna daidai. Sharaɗin shi ne sunan da ya cike gurbin farko, shi ne zai cike shi a jimla ta biyu. Ta haka Bagauda zai fito tare da Kano, Kumayau da Katsina, Gunguma da Zazzau, Duma da Gobir, har a kai shida.

To amma Hausa Bakwai ake cewa. Ta bakwai ɗin, wato Biram, ba za ta fito ba, saboda a labarin wanda ya kafa ta ɗan Bayajidda ne da 'yar sarkin Borno, ba ɗan Bawo ba. Sabon fasalin SPARQL na 2013 ya ba da damar bin dangantakar uba hawa-hawa har zuwa kaka. Idan aka nemi dukkan zuriyar Bayajidda, Biram za ta shigo, sai dai 'ya'yan Karɓagari, waɗanda ake dangantawa da Banza Bakwai, su ma za su biyo baya. Dole mai tambaya ya ƙara sharaɗin tacewa. Manhajar ba ta san abin da ke zuciyarsa ba, zubin da ya rubuta kawai take bi.

Inda aikin ke nauyi

Duk sa'ad da guraben suka ƙaru, hanyoyin cike su kan ninka. Don haka manhajojin kan tanadi jimlolin a jere daban-daban, sannan su fara da sharaɗin da ya fi ƙarancin amsa. Wajen neman 'yan siyasar da aka haifa a Daura, ya fi sauƙi a fara da haifaffun Daura, maimakon a bi 'yan siyasar duniya ɗaya bayan ɗaya.

Wane ne Sarkin Daura?

Tambayar na buƙatar shekara. Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gadon sarauta a 2007, bayan rasuwar Muhammadu Bashar, wanda ya yi mulki tun daga 1966. Idan kuwa aka koma ƙarni na 19, lamarin ya fi haka wuya. Bayan Malam Isiyaku ya ci garin a zamanin jihadi, sarakunan Fulani ne ke cikin Daura, yayin da zuriyar sarakunan Haɓe suka ci gaba da sarauta a Zango da Baure, har Turawan Ingila suka maido da Malam Musa daga Zango a farkon ƙarni na 20. Ragar da ba ta ɗauke da shekaru da wurare za ta cakuɗa gidajen duka.

Haka nan jimla mai gaɓa uku ba ta bambanta labarin kaka da kakanni da tarihin da ke da takardu, sai an maƙala mata madogara.

A ƙa'idar RDF, rashin samun bayani ba ya nufin abin bai faru ba, yana nufin ba a shigar da shi ba ne kawai. Sai dai mai karatu ba kasafai yake lura da hakan ba. Hakimi ko malami ko sarauniyar da ba a rubuta ba, ba za su fito a kowace amsa ba. Wikidata tana karɓar sunaye da bayani da harshen Hausa, saboda haka cike wannan giɓi ya rataya ne a wuyan masana tarihi da ɗaliban da suka san Daura.