Datsun 240Z: Wa ya cancanci yabon ƙera ta?

A watan Oktoban 1969 ne kamfanin Nissan na ƙasar Japan ya fito da wata ƙaramar mota mai kujeru biyu, mai dogon hanci, wadda aka yi ta domin gudu da ƙawa. A gida Japan an sa mata suna Fairlady Z, a Amurka da sauran ƙasashen waje kuwa aka sayar da ita da sunan Datsun 240Z.

Kafin zuwanta, yawancin masu sayen mota a ƙasashen Yamma na kallon motocin Japan a matsayin na masu ƙaramin ƙarfi, masu araha da tsimin mai, amma ba abin alfahari ba. Wannan mota na cikin waɗanda suka sauya wannan kallo.

Injinta mai silinda shida ne, girmansa lita 2.4, da ƙarfin doki 151. An sa mata farashin dala 3,526 a Amurka, wato ƙasa ƙwarai da kuɗin Jaguar E-Type ko Porsche 911. Daga 1969 zuwa 1978 an ƙera fiye da rabin miliyan na wannan zubi na farko, wanda a cikin kamfanin ake kira S30, idan aka haɗa da 260Z da 280Z da suka biyo baya.

A Afirka ma ta yi suna, domin ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta kuma sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta.

Sai dai an shafe shekaru da dama ana taƙaddama kan wanda ya kamata a jingina wa ƙirar motar. Sunaye uku ne suka fi fitowa.

Bajamushen da aka daɗe ana ambata

Na farko shi ne Albrecht Graf von Goertz, ɗan gidan sarauta daga Jamus wanda aka haifa a 1914, ya kuma yi ƙaura zuwa Amurka tun yana saurayi. Shi ne ya zayyana BMW 507 a tsakiyar shekarun 1950, motar da har yanzu ake lissafa ta cikin mafi kyawun da Jamus ta taɓa ƙerawa.

Kamfanin Nissan ya ɗauke shi a matsayin mai ba da shawara daga 1963 zuwa 1965. A wannan lokaci ya ba da gudummawa wajen aikin motar Silvia ta farko, ya kuma shiga wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nissan da Yamaha na ƙera motar gudu, wanda aka yi watsi da shi a 1964. Daga baya Yamaha ya koma wajen Toyota, suka fito da 2000GT.

Abin da ba a cika musunsa ba shi ne cewa Goertz ya taimaka wajen kafa al'adar gina cikakkiyar siffar mota da yumɓu, daidai girmanta, kafin a kai ga ƙarfe. Ya kuma ja hankalin ma'aikatan kamfanin kan cewa dole a yi la'akari da tsayin Turawa da Amurkawa wajen auna mazaunin direba.

Matsalar ita ce kwanan wata. Kwantiragin Goertz ya ƙare kafin a kankama aikin S30. Amma duk da haka mujallun motoci da littattafai a Turai da Amurka sun yi ta kiransa uban motar, kowane marubuci yana kwafa daga wanda ya gabace shi.

Da Nissan ya fito ya ce ba shi da hannu a ƙirar, sai Goertz ya nufi ɗaukar matakin shari'a. An sasanta a 1980 ta hanyar wata wasiƙa da kamfanin ya rubuta masa, inda ya tsaya a kan cewa ma'aikatansa ne suka zayyana motar, amma ya amince cewa sun amfana da aikin da ya yi wa kamfanin. Wasiƙar ba ta ce shi ya zana motar ba, ba ta kuma hana masu faɗin haka ci gaba da faɗa ba. Goertz ya rasu a 2006.

Mutumin da ya matsa lamba

Na biyu shi ne Yutaka Katayama, wanda Amurkawa suka riƙa kira Mr. K. An haife shi a 1909, ya shiga Nissan a 1935, kuma fagensa shi ne talla da hulɗa da jama'a, ba injiniya ba ne. Shi ya jagoranci tawagar Datsun zuwa gasar zagaye Ostareliya ta 1958, inda ɗaya daga motocinsu ta zo ta ɗaya a ajinta.

A 1960 aka tura shi Amurka, ya zama shugaban reshen kamfanin a can a 1965. Ya yi ta zagaya dillalai yana sauraron koken masu saye, yana kuma aikewa da saƙo Tokyo cewa kasuwar Amurka na buƙatar motar gudu mai rufi, mai ƙarfin inji, wadda dogon mutum zai zauna a ciki ba tare da takura ba, kuma ma'aikaci zai iya saya.

Shi ne kuma ya ƙi amincewa da sunan Fairlady a Amurka. Sunan ya samo asali ne daga wasan kwaikwayon My Fair Lady da shugaban Nissan na lokacin, Katsuji Kawamata, ya kalla ya burge shi, amma Katayama na ganin bai dace da motar gudu ba.

Babu shakka da ba don nacinsa ba, da wuya shugabannin kamfanin su zuba kuɗi a aikin da ba su da tabbacin zai kawo riba. To amma matsa lamba daban, zana mota daban. Ya rasu a 2015 yana da shekaru 105.

Waɗanda suka riƙe fensir

Na uku, wanda ya fi daɗewa a ɓoye, shi ne Yoshihiko Matsuo. Ya shiga Nissan a 1960, kuma a wajajen ƙarshen 1965, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, aka ba shi jagorancin ƙaramin sashen zayyana motocin gudu.

A wannan sashe ne aka zana S30. Da farko sun fi karkata ga mota marar rufi, irin wadda kamfanin ya saba yi, amma sababbin dokokin kiyaye haɗurra da Amurka ke shirin kafawa, da kuma buƙatun Katayama, suka sa aka koma ga mai rufi da ƙofar kaya a baya. Haka kuma shawarar sa inji mai silinda shida ta tilasta a ƙara wa motar faɗi, a kuma gyara hancinta.

Matsuo ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akio Yoshida ya taka muhimmiyar rawa a zane-zanen farko, Kumeo Tamura kuma ya yi aikin siffar yumɓu ta ƙarshe. Sannan akwai injiniyoyi irin su Hitoshi Uemura, waɗanda aikinsu shi ne su tabbatar an iya ƙera motar da yawa kuma da araha. Sun yi hakan ne ta hanyar aro sassa daga motocin da kamfanin ke yi tun da farko, abin da ya sa farashin ya sauko. Ba a cika ambaton wannan ɓangare ba, alhali farashin ne ya sayar da motar kamar yadda kyawunta ya yi.

Me ya sa sunayensu suka ɓace?

A wancan zamani kamfanonin Japan ba su saba bayyana sunan ma'aikacin da ya zana wata mota ba, ana ɗaukar aikin a matsayin na kamfani baki ɗaya. Wannan ya bar gurbi, kuma 'yan jaridar Yamma suka cike shi da sunan da suka riga suka sani. Akwai kuma raini a ciki, domin da yawa ya yi musu wuya su yarda cewa matasan Japan za su fito da irin wannan ƙira ba tare da hannun Bature ba.

Idan aka bi hujjojin da ke ƙasa, siffar motar ta Matsuo ce da abokan aikinsa, Katayama ne ya buɗe mata hanya ya kuma sayar da ita, rabon Goertz kuwa bai wuce na malamin da ya koyar da dabarun aiki ya tafi kafin a soma ba.

Matsuo ya bar Nissan a 1973, shekaru huɗu kacal bayan fitowar motar. Sai daga shekarun 1990 ne sunansa ya soma yaɗuwa a wajen Japan, inda ƙungiyoyin masu sha'awar motar suka riƙa gayyatarsa tarukansu a Amurka. Ya rasu a watan Yulin 2020.